Bitar NI-9234: yadda take karɓar ma'aunin girgiza, da wuraren da take buƙatar taimako

NI-9234 ƙaramar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda kamfanin National Instruments na birnin Austin da ke jihar Texas a Amurka yake ƙerawa. An kafa kamfanin a 1976, kuma Emerson ya saye shi a 2023, amma na'urar tana nan da sunanta da siffarta. Aikinta shi ne ta karɓi siginar da ma'aunin girgiza ya aiko daga jikin inji, ta tace ta, ta mayar da ita lambobi, sannan ta miƙa wa kwamfuta. Ba ta aiki ita kaɗai, dole a zura ta cikin wani mazauni, kuma mafi sauƙi a cikinsu shi ne cDAQ-9171 mai ɗaki ɗaya, wanda yake samun wutarsa daga kebul na USB ba tare da buƙatar soket ba. Da wannan haɗin nake auna girgizar famfunan ruwa da janareto da fankokin masana'anta, kuma a kansa wannan bita za ta tsaya, musamman a kan abin da ke faruwa tsakanin jikin inji da bakin na'urar, domin a wannan tsakanin ne awo yake gyaruwa ko ya lalace.

Hukuncina tun daga farko shi ne cewa na'urar ta ƙware ƙwarai wajen mayar da sigina lambobi, har ba na jin mai aikin kula da injuna zai taɓa ƙure ta ta wannan fuska, amma ta ɓangaren ciyar da ma'auni wuta da lura da lafiyarsa tana da iyakoki guda uku da ya kamata mai saye ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Tana da mashiga huɗu, kowace da bakin BNC da ake murɗawa ya kulle, kuma kowace mashiga tana da nata mai juya sigina zuwa lambobi mai bit 24 (yawan bit shi ne yake nuna ƙwarewarsa wajen rarrabe ƙananan bambance-bambance). Samun mai juyawa a kowace mashiga yana nufin duka huɗun ana ɗaukarsu a lokaci guda, ba bi da bi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake son ya kwatanta motsin boris ɗin gaba da na baya, domin bambancin lokaci tsakanin kaɗawar wuri biyu shi ne yake rarrabe shaf da ya kauce wa saiti daga fanka da nauyinta ya karkata gefe guda. Tana iya ɗaukar awo 51,200 a daƙiƙa ɗaya a kowace mashiga, tana karɓar sigina daga volt 5 ƙasa da sifili zuwa volt 5 sama da shi, kuma tazarar da ke tsakanin mafi girman sigina da mafi ƙanƙantar da take iya gani ta kai dB 102, wato fiye da ninki 100,000. A aikace, ma'anar wannan ita ce ƙaramin ƙwanƙwasar da boris yake yi a farkon lalacewarsa ba ya ɓacewa a ƙarƙashin babbar jijjigar inji, kuma ba sai mutum ya tsaya yana sauya ƙarfin ƙara sigina daga inji zuwa inji ba. A cikinta akwai matatar da take toshe kaɗawar da ta fi ƙarfin saurin ɗauka, tana kuma daidaita kanta da duk saurin da aka zaɓa, ta bar kusan kashi 45 cikin 100 na saurin a matsayin zangon da za a amince da shi, wato kimanin Hz 23,000 (Hz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya) idan an buɗe ta gaba ɗaya. Wanda ya taɓa amfani da allunan ɗaukar bayanai masu araha waɗanda ba su da irin wannan matata ya san yadda kaɗawa mai sauri take shigowa da suturar kaɗawa mai jinkiri, ta sa a zargi lafiyayyen boris.

Domin a fahimci iyakokin nata, sai an san irin ma'aunin da aka gina ta dominsa. Yawancin ma'aunan girgiza na masana'antu suna da ɗan dutse ko tangaran na musamman a cikinsu wanda yake fitar da cajin lantarki idan an matsa shi, halin da Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880. Wannan caji yana da rauni ƙwarai, ba ya jure doguwar waya, shi ya sa aka koma saka ƙaramin amfilifaya a cikin jikin ma'aunin kansa. Tsarin da ya game duniya ana kiransa IEPE, ko da yake kowane kamfani yana da sunan da ya raɗa masa: PCB Piezotronics na garin Depew a jihar New York yana cewa ICP, Kistler yana cewa Piezotron, Endevco yana cewa Isotron, Brüel & Kjær kuma DeltaTron. Hikimar tsarin ita ce waya ɗaya mai zare biyu ce take kai wuta kuma take dawo da sigina. Na'urar ɗaukar bayanai tana tura wuta mai tsayayyar kwarara, tsakanin milliamp (mA) 2 zuwa 20, ma'aunin sai ya zauna a kan wani boltej na tushe, galibi tsakanin volt 8 zuwa 12, girgizar kuma ta riƙa hawa da sauka a kan wannan tushe. Daga nan sai kafasita ta cire tushen ta bar girgizar zalla. NI-9234 tana yin duk wannan a cikinta, ana kunna shi ko a kashe shi daga manhaja a kowace mashiga daban, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake sayenta: mutum ya ɗaura ma'auni, ya murɗa BNC, ya fara aiki, ba tare da wani akwati a tsakani ba.

Ma'aunin da na fi haɗa ta da shi a filin aiki shi ne 603C01 na sashen IMI na kamfanin PCB, mai ba da millivolt 100 a kan kowane g ɗaya (g shi ne mizanin ƙarfin girgiza, daidai da ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi), wanda yake auna har g 50. Lissafin ya faɗa daidai, domin g 50 sau millivolt 100 shi ne volt 5, iyakar abin da na'urar take karɓa. Haka kuma idan tushe ya kai volt 12 aka ɗora masa volt 5 na sigina, an sami 17, wanda bai kai volt 19 da na'urar take iya riƙewa ba. Wannan ɗan lissafi ya kamata a yi shi ga kowane sabon ma'auni kafin a saya, domin akwai masu tushe mai tsayi waɗanda za su sa saman sigina ya yanke, kuma sigina mai yankakken kai tana haifar da layukan ƙarya a jadawalin kaɗawa waɗanda suke kama da alamar sassaucin noti.

Iyaka ta farko ita ce wutar da take bayarwa mA 2 ce kawai, kuma ba a iya ƙara ta. A gajeriyar waya wannan ba ya damun kowa. Amma kowace mita ta kebul tana riƙe caji kimanin picofarad 100, kuma ma'aunin yana buƙatar wuta domin ya cika wannan caji ya kuma sauke shi a kowace kaɗawa, bayan kusan mA 1 da amfilifayar cikinsa take ci. Idan aka bi ƙa'idar lissafin da masu ƙera ma'aunai suke bayarwa, kebul mai tsawon mita 30 da sigina mai kaiwa volt 5 zai iya ɗaukar kaɗawa har kusan Hz 10,600 kafin ta fara gurɓata, amma idan kebul ya kai mita 100 iyakar tana faɗowa zuwa kusan Hz 3,200. Da a ce wutar mA 4 ce, da waɗannan lambobi sun ninka sau uku. Gaskiya ne cewa sigina ba kasafai take kai volt 5 ba, kuma idan ba ta wuce volt 1 ba mita 100 ma za ta ɗauki kusan Hz 16,000, amma wanda yake farautar lalacewar haƙoran giya ko bugun boris, inda sigina take da kaifi da tsayi, ba zai so ya dogara da sa'a ba. Abin da ya sa wannan matsala take da haɗari shi ne ba ta nuna kanta: awo zai fito, jadawali zai yi kyau, sai dai ƙololuwar bugun ta ragu, inji ya bayyana da lafiyar da ba shi da ita. Mafita biyu ce. Ko dai a matso da na'urar kusa da inji, abin da take iya jurewa tunda an gina ta ta yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 70 a ma'aunin Celsius, zafin da ko ɗakin janareto a watan Afrilu ba ya kaiwa, ko da yake mazaunin cDAQ-9171 iyakarsa digiri 55 ce, ko kuma a sa akwatin gyaran sigina na waje irin PCB 482C05, wanda ake iya ɗaga wutarsa har mA 20. Idan an zaɓi na biyun, wajibi ne a kashe wutar IEPE ta cikin NI-9234, kada majiya biyu su haɗu a waya ɗaya. Kuma ba a ɗaga wuta haka kawai a kan gajeren kebul, domin rarar tana zama zafi a cikin ma'aunin, ta ƙara masa hayaniya.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi ci mini rai, domin ta shafi amana tsakanin mai awo da kayan aikinsa. Boltej na tushe shi ne shaidar lafiyar ma'auni da kebul ɗinsa. Idan yana tsakanin volt 8 da 12, komai lafiya. Idan ya faɗi kusa da sifili, zaren biyu sun haɗu a wani wuri. Idan ya haura zuwa ƙarshen abin da majiyar wuta take bayarwa, waya ta tsinke ko baki ya kwance. Idan kuma yana yawo sama da ƙasa, galibi danshi ne ya shiga baki ko amfilifayar ta fara gajiya da zafi. Tunda NI-9234 ba ta karɓar abin da ya wuce volt 5, kuma tana cire tushen kafin ta auna, mai aiki ba ya ganin wannan lamba a allon kwamfutarsa. Waya tsinkakkiya takan ba da ƙaramar hayaniya wadda mai gaggawa zai iya rubutawa a matsayin inji mai natsuwa. Abin da nake yi shi ne in sa baki mai rassa biyu a kan BNC in duba tushen da mitar gwajin wuta kafin in fara ɗauka, ko in bi ta ƙaramin akwatin PCB 480C02 mai aiki da batir uku na volt 9, wanda yake da allura a fuskarsa: kore lafiya, ja haɗuwar waya, rawaya tsinkewa. Kallo ɗaya ya wadatar. Wanda zai girka awo na dindindin, inda ba kowace rana ake zuwa duba waya ba, ya fi masa kyau ya dubi 'yar'uwarta NI-9232, wadda take da mashiga uku kacal amma tana ba da mA 4, tana karɓar har volt 30, kuma tana sanar da tsinkewa ko haɗuwar waya da kanta.

Iyaka ta uku ta shafi wayar ƙasa. Mashigan na'urar ba a raba su da juna ta fuskar lantarki ba, kuma gefen dawowar kowace sigina yana haɗe da jikin mazauni ta hanyar tsayayyar ohm 50. Idan ma'aunin irin ƙananan nan ne na ɗakin gwaji waɗanda jikinsu na ƙarfe shi ne hanyar dawowar sigina, aka ɗaure shi a kan injin da wayar ƙasarsa ba ta daidaita da ta soket ɗin kwamfuta ba, wuta za ta bi ta rigar kebul, sai dogon layi ya tsaya a Hz 50 tare da 'ya'yansa a 100 da 150. A wuraren aikinmu, inda gini ɗaya yakan sha wuta daga layin gari da janareto da inbata, kuma sau da yawa sandar ƙasa tana cikin busasshen yashi rabin shekara, wannan ba abin mamaki ba ne. Na ga haka a wani gidan famfo, inda layin Hz 50 ya fi na juyawar injin tsayi, amma da aka zare cajar kwamfuta daga soket aka bar ta a kan batir, layin ya faɗi nan take har ya kusa ɓacewa. A nan ne cDAQ-9171 take da fa'ida, tunda da batirin kwamfuta kaɗai dukan kayan suke aiki. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne ma'auni mai keɓaɓɓen jiki irin 603C01, ko a sa ɗan faifai mai hana wuta wucewa tsakanin ma'auni da inji.

Akwai wani hali na na'urar da ba zan kira shi aibi ba, tunda yana rubuce a takardar bayaninta, amma yana kama mutane da yawa. Ba ta ɗaukar awo da kowane saurin da aka ga dama. Agogon cikinta yana ba da 51,200 ne a raba da cikakkiyar lamba daga 1 zuwa 31, saboda haka mafi ƙarancin sauri shi ne kusan 1,652 a daƙiƙa. Idan mutum ya rubuta 10,000 a manhaja, direban na'urar, wato manhajar da take haɗa ta da kwamfuta, zai ba shi 10,240 ba tare da ya tsayar da aikin ba. Wanda ya ci gaba da lissafi da 10,000 zai ga kowace kaɗawa ta ragu da kashi 2.3 cikin 100, kuma ga inda abin yake da muni: hayaniyar wuta ta Hz 50 za ta bayyana a Hz 48.8, wato juyi 2,930 a minti, wanda shi ne kusan daidai saurin injin lantarki mai sandunan maganaɗisu biyu idan yana ɗauke da kaya. Ta haka matsalar wayar ƙasa za ta rikiɗe ta zama rahoton cewa fanka ta karkace, a kwance lafiyayyen inji a banza. Kariya daga wannan layi ɗaya ne na umarni: a tambayi direban ainihin saurin da ya yi amfani da shi, a yi lissafi da wannan. Haka nan, domin a raba Hz 49 da Hz 50 a jadawali, dole a ɗauki awo na daƙiƙoƙi da dama, tunda ƙanƙantar tazarar da ake iya gani ita ce 1 a raba da tsawon lokacin ɗauka; daƙiƙa 4 suna ba da rubu'in Hz, kuma wannan yakan isa.

Sauran abubuwan kiyayewa gajeru ne. Bayan an kunna wutar ma'auni a jira 'yan daƙiƙoƙi kafin a fara adanawa, domin kafasita ta cika, in ba haka ba farkon jadawali zai tashi kamar gangaren tudu, musamman idan an juya awon zuwa saurin motsi na milimita a daƙiƙa, wanda ƙa'idar ISO 20816 take amfani da shi a zangon Hz 10 zuwa 1,000. Matatar na'urar mai toshe kaɗawa mai jinkiri tana yanke sigina a wajen rabin Hz, saboda haka injuna masu juyi a hankali sosai suna buƙatar kulawa ta daban. Matatar dijital ɗinta tana jinkirta sigina da kusan awo 40, abin da sai an gyara shi idan ana haɗa ta da wata na'ura mai auna juyin shaf. Ma'aunai masu fitar da caji zalla, waɗanda ake sawa a wuraren da zafi ya wuce kimanin digiri 120 da amfilifayar ciki take jurewa, ba a haɗa su kai tsaye, sai ta mai juya caji irin jerin PCB 422E, da kebul na musamman mai hana hayaniyar gogayya. Ƙananan ma'aunan MEMS, wato waɗanda aka ƙera a kan ɗan guntun lantarki, irin ADXL335 da ɗalibai suke saye kuwa suna buƙatar wutarsu daban, kuma dole a kashe IEPE kafin a haɗa su.

Ba zan bar maganar ɗaura ma'auni a jikin inji ba, ko da yake ba laifin na'urar ba ne, domin na sha ganin an sayi kaya masu tsada an ɓata amfaninsu a nan. Ma'aunin da takardarsa ta ce yana kai Hz 10,000 yana kai wa can ne idan an huda wuri mai santsi da tsabta, an shafa ɗan mai, an ɗaure shi da kusa mai zare. Gam mai ƙarfi yana biye da wannan. Maganaɗisu a kan fenti da ƙurar harmatan ba a amince masa fiye da kimanin Hz 2,000, sandar da ake dannawa da hannu kuwa ko 1,000 da ƙyar. Bit 24 ba za su dawo da abin da fenti ya shanye ba. Kebul ma a ɗaure shi kusa da ma'auni kada ya riƙa lilo, a kuma nisanta shi daga wayoyin da ke fitowa daga na'urar sauya saurin inji.

Ta ɓangaren manhaja, direban NI-DAQmx kyauta ne, yana zuwa da wurin gwaji inda za a ga sigina cikin mintuna kaɗan, kuma yana karɓar adadin millivolt na ma'auni ya mayar da awo zuwa g da kansa. Idan ma'aunin yana da ƙwaƙwalwar TEDS, wato ɗan guntun da yake riƙe bayanan ma'aunin bisa ƙa'idar IEEE 1451.4, na'urar tana karanta wannan adadi daga cikinsa, abin da yake hana kuskuren rubuta 100 a inda takardar gwajin ma'aunin ta ce 97 ko 103. Ba dole ne a sayi LabVIEW, manhajar da kamfanin yake sayarwa, ba. Akwai kunshin nidaqmx na harshen kwamfuta Python wanda ya ishi mai son ya ɗauki awo ya zana jadawali, kuma wannan sauƙi ne babba ga sassan injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha. Direban dai yana da nauyi, saukar da shi a kan intanet mai rauni yana cin lokaci da data, saboda haka a adana shi a filashi tun ranar farko.

Kuɗinta ba kaɗan ba ne. Na'urar da mazauninta da ma'aunai biyu ko huɗu da kebul ɗinsu suna kai dubban daloli, kafin a zo ga jigila da kwastan, kuma idan ta sami matsala ba a gyara ta a kasuwar kayan lantarki. Ga wanda buƙatarsa kawai ya san ko girgizar famfo ta ƙaru daga watan jiya zuwa na yau, ƙaramar mitar hannu mai nuna lamba ɗaya ta ishe shi, kuma sayen wannan zai zama ɓarnar dukiya. Amma ga ɗakin gwaji, ko sashen kula da injuna da yake son ya san wane boris ne, wane haƙori ne, kuma yaushe za a tsayar da inji, ina ba da shawarar NI-9234 da zuciya ɗaya, bisa sharaɗin kebul bai wuce kimanin mita 30 ba kuma ma'aunan masu keɓaɓɓen jiki ne. A cikin kasafin a ware kuɗin akwatin duba tushe mai batir, da kebul na ajiya, da ƙaramin injin gwaji na hannu irin PCB 394C06, wanda yake kaɗa ma'auni da g 1 daidai a Hz 159.2. Idan aka ɗora ma'auni a kansa kafin fita aiki, kwamfuta ta nuna g 1 a Hz 159.2 ɗin, an tabbatar da ma'auni da kebul da na'ura da saurin ɗauka da lissafin manhaja duka a gwaji ɗaya da bai wuce minti guda ba.